Laƙabin Da Zai Dace Da Sunan Yarinya

A tattaunawar da wasu iyaye mata suka yi a Sakkwato, yawancinsu sun ba da shawarar a fara duba laƙabin da al'ada ta riga ta haɗa da sunan yanka: Hauwa'u ana ce mata Kulu, Zainabu Abu, A'ishatu kuma Indo. Asma'u kuwa a nan da wuya a raba ta da Nana, saboda darajar 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun alkunya, domin idan yarinya ta ci sunan kakarta, iyayenta ba za su ambace shi ba, sai su ce Ummi ko Inna. Dattawan cikinsu sun kuma ja kunne cewa a guji laƙabin da zai ba ta kunya idan ta girma.