Ɗinkin da ba a sawa a jiki, ɗinki ne?

Hadiza: Salamu alaikum ƴan zaure. Ga aikin da na gama jiya, wata huɗu ina kansa. Farin saƙi ne mita ɗaya, zare ruwan ƙasa da ja da baƙi, duka da allura. Siffar lakar bakin tabkin Tabalak ce na ɗinka, in ruwa ya janye da bazara ta tsattsage. A bango za a rataye shi.

Baba Ilu: Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Amma ɗinkin da ba a sawa a jiki ba ɗinki ba ne. Shekara 40 ina aikin babbar riga nan Tawa. Aska biyu da sunanta, aska takwas da sunanta, tambari da sunansa. Mutum na tahowa daga nesa ka san abin da ke ƙirjinsa. Wanga naki mi sunanshi? Na duba, ban ga tabki ba, ban ga kifi ba.

Musa Yamai: Baba a gafarce ni. Ku ɗauko askar wanzami ku aza kusa da aska takwas. Sun yi kama? Dogayen tsini ne kawai, kakanni suka kira su aska, ido ya saba.

Baba Ilu: Tsinin nan da ƙa'ida, Musa. Yaro in ya kauce da tsinin allura ɗaya sai na sa shi ya warware. Inda babu ƙa'ida, ta ina za a gane kuskure? Kowa ya yamutsa zare sai ya ce fasaha.

Hadiza: Akwai ƙa'ida Baba, laka ce ta koya mini. Tsaga ba ta ƙetare ƴar'uwarta, in ta iske ta sai ta tsaya. Inda laka ke da kauri ɓangarorin manya ne, inda ta yi siriri ƙanana. Ku duba kusurwar hagu, sau biyu na warware ta don layukana sun giciye juna kamar raga, wanda ya san wurin zai ce ƙarya na yi. Na yi kuka ranar, aikin sati uku ne.

Zainabu: Ni a can na tashi. Kafin in karanta bayaninki na gane shi, har na tuna yadda take yankar ƙafa in mun kai awaki. Jan ne ban yarda da shi ba, lakarmu toka-toka ce.

Hadiza: Ranar yamma ce a kanta, Yaya.

Hajiya Rabi: Ni tambayata wa zai saya? Baƙin da ke zuwa gidan tarihi na Boubou Hama da kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata sun ja baya, ku tambayi masu rumfa. Wata huɗu, huluna nawa za ki ɗinka ki ci abinci?

Musa Yamai: Hajiya, hula da wuyan riga inji ya shigo musu, yana gamawa a yini. Wannan aikin kuwa, inji ba ya iya shi. Ga Abdoulaye Konaté na Mali, haifaffen Dire a 1953: ƙyallayen shadda yake jerawa launi bisa launi, ba mai sa su a jiki, kuma an baje aikinsa a Banis ta Italiya a 2017. Mu ma da Alphadi mai tsara tufafi ya kai FIMA, bikin nuna tufafin Afirka, hamadar Tigidit a 1998, ai duniya ta zo kallon hannun namu.

Baba Ilu: Na Alphadi tufa ne, ana sawa. Ban janye maganata ba. Sai dai zancen tsagar da ke tsayawa in ta iske wata ya shige ni, ban taɓa lura ba. Ɗiyata, ki kawo shi rumfa ran Lahadi. Bayansa nike son gani, yadda kika ɓoye ƙulli da bakin zare.

Hadiza: To Baba, bayan la'asar in sha Allah.