Don Allah yaya za mu ce "risaikilin" da Hausa? Gobe zan shiga shiri

'Yar Rediyo: Salamu alaikum malamaina, a taimaka. Gobe Juma'a da yamma zan gabatar da shiri kan shara, saboda jibi ce Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsabtace muhalli a nan Jos. Takardar da aka ba ni da Turanci take, kalmomi biyu sun tsaya mini a maƙogwaro: risaikilin da kwamfos. Ta farkon na sa "sake sarrafawa", amma ta yi ta maimaituwa har bakina ya gaji. Ta biyun kuwa ban san ta inda zan kama ba.

Ɗan Bukuru: Kwamfos ai taki ne. An wuce wurin.

Mai Lambu: Ba a wuce ba, ɗan'uwa. Taki suna ya tara. Akwai na zamani, akwai kashin shanu da na kaji, akwai tokar bola da muke saya mu zuba a lambunan bakin tafkunan kuza, ita kuwa ƙona ta ake yi, ta zo maka da fasassun kwalabe da mataccen batir. Wanda Hajiya take nufi daban ne. Ɓawon dankali, ɓawon ƙwai, ganyen kabeji irin wanda ake zubarwa a kasuwar Farin Gada, a tara, a lulluɓe da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Ran da ka cusa hannu cikin tulin ka ji zafi kamar malmalar tuwo, to aiki na tafiya. Wata biyu zuwa uku sai ya koma baƙi wuluk, yana ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Amma Hajiya kada ki kuskura ki ce kwamfos a rediyo, manomi "kamfa" zai ji, ya tafi shago neman buhun NPK. Ki ce takin juji.

'Yar Rediyo: Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Na gode Baba.

Malam Nahawu: Takin juji ya yi. Amma "sake sarrafawa" bayani ne, ba suna ba. Na daɗe ina faɗa, kalmar ita ce SABUNTAU. Daga sabo, sabunta, sai sabuntau, bisa awon mantau da makarau. Kalma ɗaya tal, ba aro ba jingina.

Ɗan Bukuru: Allah gafarta Malam, mantau ai mutum ne mai mantuwa. Ke nan sabuntau shi ne mai tura kurar, ba aikin ba.

Malam Nahawu: Awon yana ɗaukar abu ma, duba fiddau. Matsalarmu ke nan, Bature ya ƙirƙiro kalma mu haddace, Bahaushe ya ƙirƙiro mu yi dariya. Kuma ban zaci 'yan Jos da ke cewa "matata ya zo" ne za su gyara mini nahawu ba.

Mama Rayfield: Kai Malam, a yi haƙuri! Ni Birom ce, da Hausar nan da ka raina nake ciniki a Taminus, da ita ake mana wa'azi a coci, da ita nake gaisawa da maƙwabciyata Ba'angasa. In ka ce mini sabuntau, zan ɗauka lasin mota za a sabunta.

Malam Nahawu: Ban raina kowa ba Mama. Amma harshe yana da masu shi.

Ɗan Bukuru: Masu shin ne suka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa. Yau da me kake rubutu, Malam? Kwamfuta.

'Yar Rediyo: Jama'a don Allah, ƙarfe tara ta wuce.

Sarkin Gwangwan: Tun ɗazu nake karanta ku ina dariya. Mu da muke cin abinci da abin, ba wanda ya tambaye mu. Jari-bola sunansa, tun kafin a kawo muku takarda. Kuma aikin ba ɗaya ba ne. Gwangwanin lemo narka shi ake yi a zuba tukunya da ludayi. Roba a ware ta kala-kala, a niƙa, a auna a kilo, a loda mota zuwa Kano ko Legas. Kwalba da gorar ruwa kuwa wankewa kawai ake yi a zuba manja ko zoɓo, ba abin da aka sarrafa. In za ki yi mana alheri Hajiya, ki roƙi mata su daina haɗa ragowar miya da kunzugun yara a leda ɗaya da roba. Yaranmu da hannu suke tonawa.

Ma'aikacin Abuja: Jari-bola ta fi daɗin faɗa, amma a yi hattara. A nan "baban bola" ya zama kamar zagi saboda satar murafun kwalbati, har hukumar birnin ta hana yawon bola a Janairun 2025. Uwar gida ba za ta so a ce tana jari-bola a kicin ɗinta ba.

Sarkin Gwangwan: Wake ɗaya ne ya ɓata gari. Ɓarawo daban, ɗan sana'a daban.

'Yar Rediyo: To ga abin da na tsayar. Takin juji ya zauna. Abin da ake yi a gida zan ce "ware shara". Na masana'anta, sake sarrafawa a farko, daga nan in riƙa faɗin narkawa ko niƙawa yadda ya kama. Jari-bola ga masu sana'ar. Sarki, ko za ka shigo mana ta waya gobe?

Malam Nahawu: Kalma huɗu a gurbin biyu. Shi ke nan, ba zan ja ba. Amma ko sau ɗaya ki jefa sabuntau ki ji abin da masu sauraro za su ce.

'Yar Rediyo: In lokaci ya ragu, Malam.

Sarkin Gwangwan: Zan shigo, amma bayan la'asar. Kafin nan ina kan sikeli.