Tarin fuka mai jure magani: garkuwar jiki za ta iya ita kaɗai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Gwajin majina na GeneXpert ya nuna yayana yana da tarin fuka wanda maganin rifampicin ba ya ci, kuma yana da ciwon suga. An sa shi kan magani na wata 6. Dangi suna cewa tunda ƙwayar cutar ta fi ƙarfin magani, a bari a sayo masa magungunan ƙara garkuwar jiki. Don Allah masu sani ku haska mini.

Likitan ƙirji: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada ya bar maganin ko na kwana ɗaya. Rifampicin ƙwayar ta jure wa, galibi haɗe da isoniazid, shi ya sa aka sauya masa wasu.

A cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu akwai ƙwayoyin garkuwa masu suna makrofej. Aikinsu haɗiye duk abin da aka shaƙo, su kulle shi a wata 'yar jaka, su zuba masa asid har ya narke. Ƙwayar tarin fuka tana hana zuba asid ɗin, sai ta zauna cikin mai gadin tana hayayyafa. A nan wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna CD4 ke shigowa: suna fitar da sinadarin interferon-gamma, wanda ke zaburar da makrofej ya kashe abin da ya haɗiya. Daga nan su taru su yi wa wurin katanga. Idan katangar ta riƙe, mutum zai yi shekaru bai san yana ɗauke da cutar ba. Idan tsakiyarta ta ruɓe ta fashe, sai rami ya buɗe a huhu, ƙwayoyin cuta miliyoyi su cika shi, ga shi jini ba ya kaiwa can sosai. Wanda ya kai ga tari da rama, katangarsa ta riga ta karye. Magani ne zai rage yawan ƙwayoyin, garkuwa ta share ragowar.

Mai harhaɗa magunguna: In tsarin BPaLM ne, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022, guda 4 ne: bedaquiline, pretomanid, linezolid da moxifloxacin, tsawon mako 26. Bedaquiline da abinci ake shan sa. Abin da ke damuna da waɗannan kwalaben "ƙara garkuwa" shi ne da dama daga cikinsu na ɗauke da zinc ko sinadarin ƙarfe, waɗanda ke kama moxifloxacin a hanji su hana shi shiga jini. Haka ma ruwan maganin olsa mai magnesium. In ya zama dole, moxifloxacin ya riga su da awa 4, ko ya biyo bayansu da awa 8.

Ma'aikaciyar jinya, sashen DOTS (inda ake ba masu tarin fuka magani): Hajiya, sugan nan shi ne babban aikinku a gida. Ciwon suga yana ninka haɗarin tarin fuka kusan sau 3, domin suga mai yawa na sanyaya makrofej. A riƙa aunawa kullum da safe, tunda moxifloxacin kan sa ya hau ko ya faɗi. A yi masa gwajin HIV, ita ce ke cinye CD4 ɗin da likita ya ambata. Ba sigari, ba shisha, ba zama cikin hayaƙin itace. Kada wani ya ga ya rame ya kawo masa "sha ka fashe": dexamethasone ne a ciki sau da yawa, yana danne garkuwa ya kuma ɗaga suga. Ƙwai, wake, kifi, gyaɗa da nonon da aka tafasa su ne za su mayar masa da jiki.

Likitan ƙirji: Ƙari kaɗan. Linezolid kan taɓa ɓargo, inda ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, don haka kada a tsallake gwajin jini, da na majina duk wata, da na bugun zuciya saboda bedaquiline. Dindiris a ƙafa, dishi-dishin gani, kasala mai tsanani ko suma, ku koma asibiti a ranar. Ku da ke kwana gida ɗaya da shi ku je a duba ku, yara 'yan ƙasa da shekara 5 su fara. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin DOTS.