Taƙaitawa: Cocin Turai da batun luwaɗi, ƙarni na 11 zuwa na 13

1. Bakin masu tattauna batun ya zo ɗaya: kada a fassara kalmar Latin sodomia da "luwaɗi" kai tsaye, domin takan haɗa har da saduwar ma'aurata da ba ta kai ga haihuwa.
2. A fara nazarin da takardar da malamin coci Peter Damian ya rubuta wa Fafaroma Leo na 9 yana sukar sodomia, wajen 1050, sai doka ta 11 ta Majalisar Lateran ta 1179 (taron manyan limaman coci a Roma): limamin coci da aka samu da laifin a tuɓe shi ko a killace shi a gidan zuhudu, gama-gari a kore shi daga coci.
3. An rabu kan littafin masanin tarihi John Boswell na 1980, mai cewa tsananin coci kan luwaɗi ya kankama ne a ƙarshen ƙarni na 12. Wasu sun yarda. Wasu suka ce tun da daɗewa littattafan tuba (jagorar limaman coci kan kaffarar zunubi) ke yanka azumin shekaru a kai, kuma hujjarsu ta fi nauyi.