Ina jin daɗin makarantata, in nemi canji?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina shekara ta 2, ga malamai nagari, ga abokai, ba ni da ƙorafi. Sai dai wata jami'a ta fi ƙarfi a fannina. In koma?

Amsa 1: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara karɓar takardar sakamakonka da manhajar kowane kwas, ka tura wa sashen da kake nema, su rubuta maka waɗanda za su ƙirga. Nan ake shan mamaki: suna ɗaya, abin da aka koyar daban, sai a ƙi kwas ɗin. Idan 3 ko 4 suka zube, zango guda na iya ƙaruwa, har shekara ma in akwai wanda sai an ci shi ake ɗaukar na gaba. Kwas ɗin da makinka a cikinsa ya gaza C kuwa galibi ba ya tsallakawa.

Amsa 2: Tallafin karatu sau da yawa ba ya bin ɗalibi, ka tambaya. Kuma kada ka janye sai takardar shiga ta zo hannunka.

Amsa 3: Malam, mene ne takamaimai a can? Ɗakin gwaji, ko kwas da babu a nan? In suna ne kawai, ka zauna, ka je can digiri na biyu.