Ana matsa min in tsaya takarar magajin gari, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa tsayawa takara ko suka yi aiki a majalisar gari.

Ni malamin makaranta ne a wani ƙaramin gari, irin wanda kowa ya san kowa. Zaɓen magajin gari na tafe baɗi, kuma wasu matasa da iyayen ɗalibaina sun daɗe suna cewa in fito. Da farko na ɗauka zancen fatar baki ne, amma yanzu abin ya shiga raina. Magudanar ruwan da ke gefen makarantarmu ta toshe shekara da shekaru. Ruwa na sauka sai ta cika ta malalo kan hanya, ka ga yara ƙanana sun tattare wando, takalma a hannu, jaka a ka, suna ratsa ruwa mai datti kafin su shiga aji. Mun rubuta takarda, mun taka har ofis, amsar ɗaya ce kullum: babu kuɗi. Fitilun titi ma haka, kwashe shara ma haka.

Ga inda na tsaya. Mai riƙe da kujerar yanzu abokin mahaifina ne, kuma zai sake nema. Ba ni da wani kuɗi in ban da albashi. Maiɗakina ba ta ce kada in yi ba, amma na ga hankalinta bai kwanta ba. Shin in fito ko in haƙura? In kuma fitowa zan yi, da me zan fara?

Tsohon kansila:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da wannan niyya. Kafin fosta, kafin taro, kafin ma ka ce wa kowa eh, ka je ka gano mece ce kujerar da kake nema, domin sunan ɗaya ne amma aikin ba ɗaya ba ne. A Faransa, inda ake da ƙananan hukumomi wajen 35,000, jama'a ba sa zaɓen magajin gari kai tsaye. Kansiloli suke zaɓa na shekara 6, su kuma kansilolin su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. Wanda ke son kujerar a can, tawaga yake haɗawa tun farko. A garuruwa da yawa na Amurka, magajin gari shugabantar zaman majalisa yake yi, amma manajan da majalisa ta ɗauka aiki shi ke riƙe da ma'aikata da ayyukan yau da kullum. A mafi yawan garuruwan Ingila kuwa, muƙamin na girmamawa ne, shekara guda, yana halartar bukukuwa. Ka karanta dokar da ta kafa majalisarku ka ga wanne ne naku.

Daga nan ka nemi kasafin kuɗin garin na shekaru biyu ko uku da suka wuce. Ka zauna da shi da biro a hannu. Nawa ke shigowa daga harajin cikin gari, nawa ke zuwa daga gwamnatin sama, nawa albashi ke cinyewa, nawa ya rage na aiki? A ƙananan garuruwa abin da ke raguwa bayan albashi yakan ba mutum tausayi. Ka kuma bincika ko magudanar nan taku a hannun majalisar gari take, domin in a gefen babbar hanya take, mai yiwuwa wata hukumar ce ke da ita, kuma ko ka ci zaɓe sai dai ka je ka roƙa kamar yadda kake roƙo yanzu. Na ga mutanen kirki sun yi alƙawarin abin da ba ya ƙarƙashin ikonsu, ba don yaudara ba, don rashin sani, kuma jama'a ba su yafe musu ba.

In dokarku ta bar jama'a su halarci zaman majalisa, ka riƙa zuwa kana zama a baya. Za ka ga wa ke magana, wa ake saurara, wa ke gyangyaɗi, da yadda ake binne magana ta hanyar tura ta kwamiti.

Wata 'yar uwa:
Malam, ni maganar maiɗakinka ta fi tsaya min. Shirun nan nata magana ce. Ita za a riƙa yi wa habaici in ta fita, ita za ta buɗe ƙofa ga masu zuwa da buƙata tun da sassafe, 'ya'yanku kuma su za su ji ana zagin babansu a filin wasa. A babban birni ɗan takara na iya ɓacewa cikin jama'a in ya faɗi, a ƙaramin gari kuwa gobe za ku haɗu da wanda ya ƙi ka a bakin hanya. Ka zauna da ita ba a gaban kowa ba, ka tambaye ta me take tsoro, ka bari ta gama. Ku kuma yanke tare iyakar abin da za ka kashe daga kuɗin gida, adadi takamaimai, wanda ba za a ƙetare ba ko da ana ce maka saura ƙiris.

Wani dattijo a cikinmu:
Ɗana, ni shawarata ka haƙura da magajin gari a wannan karon, ka nemi kansilan unguwarku. Ka koyi aikin, a san ka, sannan ka hau sama. Masu zuga ka yau ba duka ne za ka gani ranar zaɓe ba, wasu ma ba su da katin zaɓe. Kuma karawa da abokin mahaifinka ba ƙaramin abu ba ne.

Mai aikin kamfe:
Baba, ina girmama maganarka, amma ban yarda cewa lallai sai an bi ta kansila ba, sai dai in tsarinsu irin na Faransa ne. Abin da zai raba gardama lissafi ne. Malam, ka je hukumar zaɓe ka nemi sakamakon zaɓen da ya wuce, rumfa-rumfa. Mutum nawa ne a rajista, nawa suka fito, da ƙuri'a nawa mai ci ya ci? Zaɓen ƙaramin gari mutane kaɗan ke fitowa, shi ya sa adadin da kake buƙata kan yi ƙasa da yadda kake zato. Ka rubuta wannan adadin a takarda. Sai ka ɗauki littafi ka jera sunayen mutanen da ka tabbata za su dangwala maka, suna da suna, ba "matasan unguwar kaza" ba. In ka kasa cika kashi ɗaya cikin huɗu na adadin, to maganar Baba ta tabbata. In ka wuce haka, akwai hanya.

Ƙarfin mai ci ba ya hana. A 1981 Bernie Sanders ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa a Burlington da ke jihar Vermont ta Amurka, ya kayar da magajin garin da ya yi wa'adi biyar, da tazarar ƙuri'a 10 kacal. Mutum goma, Malam. Ka ga ke nan babu gidan da za a raina.

Game da kuɗi, abin da ya fi aiki shi ne mafi araha. Wasu malaman jami'ar Yale biyu, Alan Gerber da Donald Green, sun gwada hanyoyin jan mutane zuwa rumfar zaɓe a garin New Haven a 1998, suka ga zuwa gida-gida a yi magana ido da ido ya fi wasiƙa da kiran waya tasiri nesa ba kusa ba. Fosta tana sa a san fuskarka ne kawai, kai kuwa an riga an san ka. Ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka gaisa, ka tambayi abin da ke damunsu, ka rubuta a gabansu. Kada ka yi jawabi a ƙofar mutane. Ka zaɓi abu biyu ko uku da ka tabbata kujerar na iya yi, ka tsaya a kansu har ranar zaɓe. Ka kuma tanadi wakili amintacce a kowace rumfa wanda ba zai tashi ba sai an ƙirga an sa hannu.

Wata lauya:
Abu biyu a gurguje. In makarantar gwamnati kake koyarwa, a ƙasashe da dama doka ta ce ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki ko ya ɗauki hutu kafin zaɓe, kuma akwai wa'adi. Ka san wannan tun yanzu, domin albashinka ne a kai. Sannan ka duba ko ana barin ɗan takara mai zaman kansa. A Najeriya, misali, tsarin mulkin 1999 ya ce sai jam'iyya ta tsayar da mutum, don haka a irin wannan wuri gwagwarmayar farko ta zaɓen fidda gwani ce. Kowace gudummawa ka rubuta wanda ya bayar da ranar, kuma kada ka karɓa daga wanda ke neman kwangilar majalisa, komai matsuwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na samo kasafin kuɗin, kuma magudanar tana ƙarƙashin majalisar gari ce, har an taɓa ware mata kuɗi ba a yi aikin ba. Mun yi magana da maiɗakina, babban tsoronta ajiye aikin ne, muna kan tattaunawa. Saura tambaya ɗaya. Abokin mahaifin nawa, in je in sanar da shi kafin in bayyana, ko in bari ya ji a gari?

Tsohon kansila:
Ka je, Malam, amma ka fara da mahaifinka, kada ya ji a bakin wani. In ya yarda ya raka ka, ya fi. Ka je gidan mutumin ba ofis ba, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce masa ka yanke shawarar nema kuma ba ka so ya ji daga waje. Sanarwa ka je yi, ba neman izini ba, don haka kada ka je sai ka gama lissafinka kun kuma daidaita da maiɗakinka. Mai yiwuwa ya ce ka jira zagaye na gaba zai mara maka baya, ko ya yi maka tayin wani muƙami. Ka shirya amsarka tun daga gida, kada ka yanke komai a zaune a gabansa. Ka ba shi tabbacin ba za ka taɓa mutuncinsa ko iyalinsa ba, ka kuma ja kunnen matasanka a kan haka, musamman masu rubutu a Facebook, domin duk abin da suka rubuta kai za a ɗora wa. Maganar kuɗin magudanar da aka ware ba a yi ba kuwa, wannan aikin jama'a ne, kana da haƙƙin tambaya a bainar jama'a. Ka yi kwafin shafin da abin yake, ka riƙe shi a aljihu duk inda za ka yi magana, ka karanta adadin kamar yadda yake a rubuce, kada ka ƙara ko sifili ɗaya, kuma kada ka ce an sace sai kana da hujja a hannu.