Kejin da na haɗa yana wargajewa a asid, ina neman shawara

Maryam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a kan kejin sinadari, irin mai rami a tsakiya da ke kama ƙaramin ƙwayar sinadari, wanda muke kira baƙo, ya riƙe. Na haɗa wani keji mai suna CC3, wanda rukunin Andrew Cooper na Jami'ar Libaful suka fitar a 2009. A ruwa zalla lafiya lau. Amma da na sauke pH (ma'aunin ƙarfin asid) zuwa 2, kusan na asid ɗin da ke narka abinci a cikin mutum, sai ya watse, gwajin NMR, mai nuna tsarin sinadari, ya nuna sinadarin aldihaid da na fara haɗin da shi ya dawo. Malamina yana son keji mai jure asid, wanda kuma zai saki baƙon idan an buƙata. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Dakta Sani: Wa alaikumus salam. Ba daga hannunki ba ne. Gaɓoɓin imin 12 ne, wato mahaɗar aldihaid da nitirojin, ke riƙe da CC3, imin kuwa ba ya shiri da asid a cikin ruwa. Ki sa masa sinadarin NaBH4, gaɓoɓin imin su koma amin mai jure asid, kejin ya zama RCC3. Sai dai shi kuma laushi gare shi, yana bushewa sai ya lotse kamar buhun da aka zazzage, ramin ya toshe. Dabarar da mutanen Libaful suka yi a 2014 ita ce ɗaure nitirojin bibbiyu da fomaldihaid. Kejin da aka samu, FT-RCC3, ya tsaya daga pH 1.7 har 12.3. Ramin yana ɗan ƙuntata, ki auna girman baƙon tukuna.

Aliyu: Yaya Maryam, in a ruwa za ki yi aikin, ki duba kukubituril, wani sinadari mai siffar ganga da rami a tsakiya, musamman irin da ake kira CB[7]. A tafasasshen HCl ma ake dafa shi, asid ba sabon abu ba ne gare shi. Wajen saki kuma ki zuba sinadarin amantadin, yana kama ramin da ƙarfi ya tunkuɗo baƙon waje.

Malama Hauwa: Ni tambayata ɗaya, ƙanwata: me zai buɗe kejin? Kejin ƙarfe na Jonathan Nitschke a Kambirij, 2008, asid ne ma mabuɗinsa, ya saki baƙonsa, sinadarin saikuloheksen, a sa alkali ya sake rufewa. In kin toshe ƙofar asid, dole ki tanadi wata.

Maryam: Na gode ƙwarai. Malama, so muke ya wuce asid a rufe, ya saki a pH 7.

Dakta Sani: To bi shawarar Aliyu. Baƙo mai amin ya fi manne wa CB[7] idan ya ɗauki furoton, kamar yadda yake yi a cikin asid, riƙon kuma yana sassautawa idan pH ya hau. Ki fara da auna ƙarfin riƙon a pH 2 da pH 7 kafin ki sayi komai da yawa.